Furfura ba ta hana jagorancin masu nutso

A wuraren da ake sana'ar nutso da tukunyar iska, daga Sharm el-Sheikh da Dahab a gaɓar Bahar Maliya har tsibirin Koh Tao na Tailan, akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutane: wai jagorancin masu nutso aikin samari ne. Mai shekara hamsin da ɗoriya ya ce yana son zama jagora ko malami, sai a yi masa murmushi, a ce, "Baba, ka dai ci gaba da nutsonka na shaƙatawa." Maganar nan ba ta da tushe, kuma masu yaɗa ta sun fi kowa sanin haka.

A duba dokar sana'ar kanta. PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ita ce ta fi kowace ƙungiya ba da takardar shaidar nutso a duniya. Ta ce kada shekarun jagora su gaza 18, amma ba ta yanka masa iyaka ta sama ba. Sharuɗɗanta su ne nutso 40 a rubuce kafin ya fara kwas, 60 kafin a ba shi takarda, 100 kafin ya zauna jarrabawar malanta, sai horon ceto da takardar likita wadda ba ta wuce wata 12 ba. Sannan a jefa shi ruwa a gani: iyo na mita 400 ba tsayawa, mita 800 da takalman iyo da bututun shaƙar iska, minti 15 yana shawagi inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, biyun ƙarshe hannuwa a sama, sai jan wanda ya galabaita mita 100. Da agogo ake auna shi. Wanda ya haye wannan yana da shekara 60 ya haye, ɗan shekara 22 da ya faɗi ya faɗi. To me kuma ake nema a takardar haihuwa?

Masu wannan ra'ayi sun ɗauka jagora gwanin tsere ne. Aikinsa ido ne da sanyin zuciya. A zurfin mita goma sha wani abu, shi ne zai lura cewa kumfar da ke fita daga bakin wani sabon shiga ta fara yawa, idanunsa sun firfito a bayan gilashi, hannunsa ya kai ga abin shaƙar iska kamar zai fizge shi. Nan da daƙiƙa kaɗan mutumin zai zabura sama yana riƙe da numfashi, alhali iskar da ya shaƙa a mita 10 ninkuwa take yi sau biyu kafin ya kai saman ruwa, kuma huhu na iya fashewa. Jagora zai matso a hankali, ya kama maɗaurin rigarsa, ya kafe shi da ido, ya nuna masa da hannu ya fitar da iska, ya ja, ya fitar. Babu gudu a ciki ko kaɗan. Haka nan a cikin jirgi, idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, baƙi kuwa sun riga sun biya kuɗinsu, sai an sami mai iya cewa yau ba za a shiga ba. Yaron da ke neman gindin zama wurin maigidansa da wuya bakinsa ya iya furta wannan. Ai ayari bai taɓa zaɓen madugu don ya fi kowa sauri ba.

Akwai hujja ɗaya mai nauyi a hannunsu, ita ce zuciya. Rahotannin ƙungiyar DAN, mai bin diddigin haɗurran nutso, sun daɗe suna nuna cewa ciwon zuciya na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu nutso, musamman waɗanda suka manyanta. Kaya ma sukan haura kilo 20, ga hawa tsanin jirgi teku na jijjiga. Duk gaskiya ne. Amma zuciya likita ke auna ta. Shi ya sa takardar tambayoyin lafiya take tsananta bincike ga wanda ya haura 45: hawan jini, kitse a jini, shan taba, tarihin ciwon zuciya a dangi. A Birtaniya, dokar 1997 ta wajabta wa mai nutso a bakin aiki ganin likita na musamman duk shekara. A tsaurara wa dattijo wannan, a ƙara masa gwajin zuciya a kan injin tafiya, ba ni da ja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kore shi tun daga bakin ƙofa, a buɗe wa ɗan shekara 35 mai tumbi da karan sigari a hannu.

A tuna da kogon Tham Luang na Tailan a 2018, lokacin da ruwa ya rutsa da yara 12 da kocinsu. Tailan na da zaratan sojojin ruwa, amma waɗanda suka fara isa ga yaran ran 2 ga Yuli su ne John Volanthen, mai shekara arba'in da ɗoriya, da Rick Stanton, tsohon ma'aikacin kashe gobara da ya haura 55. Richard Harris, likitan Ostireliya da ya yi wa yaran allurar barci aka fito da su, shi ma ya wuce hamsin. Ba kowane dattijo ne Stanton ba, amma ranar da abu ya ɓaci babu wanda ya ce su ja gefe su ba samari wuri.

Ni a ganina asalin maganar kuɗi ne. Shagunan nutso da yawa suna rayuwa ne da matasan da ke yi musu aiki kusan kyauta da sunan koyon sana'a: su ɗauki tukwane, su wanke kaya, su kwana a ɗaki ɗaya, a ƙarshe a ba su takarda. Mai shekara 55 da ya yi aiki ya yi ritaya zai tambayi nawa ne albashi, yaushe aka duba injin cika tukwane, ina iskar oksijin ta gaggawa a cikin jirgi. Mai shago da ba ya son waɗannan tambayoyi ya fi masa sauƙi ya ce baba ya tsufa.