Ba Don Tsawo Akan Ga Wata Ba: Darasin Tecno da Jumia a Kasuwarmu

Duk wanda ya leƙa Avenue Kennedy a nan Yaounde, inda ake saye da sayarwa da gyaran waya, ya san sunaye uku ne suka cika tebura da gilasai: Tecno, itel da Infinix. Haka abin yake a kasuwar Mokolo, haka yake a aljihun teloli da masu tsire da 'yan moto na Briqueterie. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne ukun nan uwa ɗaya ce ta haife su, wato kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Kamfani ne da kusan ba ya sayar da waya a ƙasarsa ta haihuwa, amma a 2023 ya shiga sahun manyan kamfanoni biyar da suka fi sayar da wayar zamani a duniya. Kuɗin talakan Afirka ne ya kai shi can. Ni a ganina, tunda mu muka ɗora shi a kan wannan kujera, muna da bakin yi masa magana, kuma lokacin maganar ya yi.

Mu fara da yadda ya samu shiga. An kafa kamfanin a 2006. Wanda ya kafa shi, Zhu Zhaojiang, ya yi shekaru yana yawon tallan wayoyin wani kamfanin Sin a ƙasashe daban-daban kafin ya buɗe nasa. A lokacin Nokia da Samsung ne ke riƙe da kasuwar Afirka, kuma wayar da suka ƙera don Bature ita suke turo mana. Mutanen Transsion sai suka zauna suka duba yadda muke rayuwa, suka ga abubuwan da manyan ba su sunkuya sun gani ba.

Sun ga mutum ɗaya da layi biyu ko uku. A nan Kamaru mun san dalili: kira daga MTN zuwa Orange ya fi tsada, kuma inda rezon wannan ya kama, na wancan ba ya kamawa. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Yaounde da Garwa, ko ya tsallaka Mubi da Kano, dole ya riƙe layi fiye da ɗaya. Sai suka ƙera waya mai cin layi biyu, har da mai cin huɗu. Sun ga wuta tana ɗaukewa, wani ƙauyen ma babu ita sam, sai suka sa batir mai daɗewa. Sun ga kyamarar wayoyin da ake kawo mana ba ta fitar da fuskar baƙin mutum, musamman da dare, sai suka gyara tasu ta dace da launin fatarmu. Sun sa harsunan Afirka a cikin waya, har da Amharik da Suwahili da Hausa. A 2011 suka buɗe masana'antar harhaɗa waya a Habasha, suka kuma baza shagunan gyara na Carlcare a birane. A kan duk wannan suka sauke farashi, har ƙaramar itel ta zama abin da mai tallan goro zai iya tara kuɗinta. Zuwa 2017 sun wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka, a watan Satumba na 2019 kuma suka shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai.

Babu sihiri a ciki. Duk abin da suka yi, yaron shago ma zai iya gaya wa Nokia tun da wuri, in da ta tambaye shi. Ba ta tambaya ba. A 2014 ta sayar wa Microsoft sashenta na waya, yau sai dai a tuna da mai tocila a yi murmushi.

To, a wannan shekarar ta 2019 da Transsion ke shiga kasuwar Shanghai, wani babban kamfani yana tattara komatsansa daga Kamaru. Jumia nake nufi, kamfanin saye da sayarwa ta intanet da aka kafa a Legas a 2012 da kuɗin Rocket Internet na Jamus. A watan Afrilu na 2019 ya shiga kasuwar hannun jari ta New York da kiɗa da kalangu, ana yi masa kirari da Amazon na Afirka. A watan Nuwamba na shekarar, wata bakwai kacal bayan haka, ya rufe harkarsa a Kamaru, kwanaki kaɗan bayan nan ya rufe ta Tanzaniya. A ƙarshen 2024 ya fice daga Afirka ta Kudu da Tunisiya.

Adalci shi ne a ce ba laifinsa kaɗai ba ne. Rikicin yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma da ya taso tun 2016 ya rufe wani ɓangare na kasuwar ƙasar nan, masu hannun jari kuma suna matsa masa ya rage asara. Har yau yana aiki a Najeriya da wasu ƙasashe. Amma duk wanda ya san ciniki a unguwarmu ya san inda gizo ya yi saƙa. Kamfanin ya zo da tsarin da aka ɗinka a Turai, inda kowane gida ke da lamba, kowane titi ke da suna. Mu kuwa kwatance muke yi: ka wuce babban masallaci, ka bar masu tsire a hannun dama, lungu na biyu, ka tambayi gidan tela. Ya zo da farashi yankakke, alhali cinikinmu sai an taya, an ce albarka, an ja, kafin a sallama. Hajiyar da za ta sayi atamfa sai ta murza ta a hannu, ta ɗaga ta a rana. Kuma mai shagon da ya san mahaifinka zai ba ka kaya ka biya ƙarshen wata, abin da kwamfuta ba za ta yi maka ba.

Kada wani ya ce ai mutanenmu ne ba su waye da cinikin intanet ba. Ku duba wayar matan unguwa. Turare, humra, lefe, takalma, dambun nama, duk a WhatsApp ake tallansu, a biya ta Mobile Money ko Orange Money, ɗan moto ya kai har ƙofar gida. Cinikin yana nan da ransa, yana ma ƙara ƙiba, domin an ɗora shi a kan sanayya da amana, kuma akasarinsa a kan wayoyin Tecno da itel ɗin nan yake tafiya. Hausawa suka ce ba don tsawo akan ga wata ba. Kamfanin da ya sunkuya ya koyi zamanmu shi ya ci kasuwa, wanda ya zo da dogon suna ya kama gabansa.

Sai dai fa cin kasuwa daban, riƙon amana daban, kuma a nan ne nake son mu buɗe ido. A watan Agusta na 2020, wani kamfanin tsaron waya mai suna Upstream ya fitar da rahoto cewa ya gano wata muguwar manhaja da ake kira Triada a cikin wayoyi samfurin Tecno W2 kimanin 53,000. Ba masu wayar ne suka sauke ta ba, da ita aka sayar musu tun a kwali. Aikinta shi ne ta yi ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar wasu hidimomi na kuɗi a ɓoye, tana cin kiredi da data bai sani ba. Cikin ƙasashen da rahoton ya ambata akwai Habasha da Masar da Gana da Afirka ta Kudu da Kamaru. Transsion ya ce ta hannun wani daga cikin masu kawo masa kayan aiki ta shigo, kuma ya fitar da gyara. Mun ji, mun kuma yarda gyara ya fi musu. Amma wa ya mayar wa mai tallan kunu kiredinta? Mutumin da kiredinsa ke zurarewa ba zai zargi wayarsa ba, zai zargi yaransa ko kamfanin layi. Wanda ya fi kowa talauci shi aka fi cuta, domin shi ne mai sayen mafi araha, shi ne kuma wanda ba zai karanta rahoton Turanci ba.

Bayan wannan akwai abin da ya zama ruwan dare a wayoyi masu araha na kamfanoni da yawa: manhajojin da aka cusa tun daga masana'anta, waɗanda ba a tambaye ka ba, wasu ba sa gogewa, da tallace-tallacen da ke faɗowa a fuskar waya ba sallama. Ka sani, kamfanin da ya rage maka kuɗin waya yana neman hanyar fanshewa, kuma hanyar ita ce idonka da bayananka. Ni malamin makaranta ne, na san a gidaje da yawa waya ɗaya ce ta uwa da 'ya'ya. Da ita ake jin saƙon murya na zauren iyayen yara, domin ba kowace uwa ke karanta Faransanci ba. Da ita yaro ke neman aikin gida. A cikinta kuɗin cefane yake kwana. Abin da ya faɗo a fuskar wannan waya, a gaban yaro ɗan shekara tara ya faɗo. Don haka maganar ta wuce ta 'yan kasuwa, ta shigo tsakar gida.

Wani zai ce, Malam, mu 'yan tsiraru a Yaounde, wa zai ji mu a Shenzhen? Amsa biyu nake da ita. Ta farko, a watan Oktoba na 2020 gwamnati ta shirya karɓar harajin kwastan na kashi 33 cikin ɗari na kuɗin waya kai tsaye daga kiredin mai saye. Jama'a suka yi ca, a titi da intanet, fadar shugaban ƙasa ta dakatar da tsarin. Ashe in baki ya haɗu ana ji. Ta biyu, Bahaushe ba ɗan tsiraru ba ne a kasuwa. Maganar da aka yi a Briqueterie da safe, kafin la'asar ta isa Ngaundare da Kano da Maraɗi da zangon Kumasi. Miliyoyin mutane ne ke jin harshen nan, kuma da shaidar baki suke sayen waya. Kamfanin da ya sa Hausa a cikin wayarsa ya riga ya ƙirga mu. Ga shi kuma yanzu ba shi kaɗai ba ne a fili: Xiaomi da Samsung da wasu suna sauke farashi suna bin sawunsa, har ribarsa ta faɗi ƙwarai a rabin farko na 2025. Mai kayan da ya ga abokan gasa sun kewaye shi, kunnensa ya fi buɗewa.

To me za mu nema? Na farko yana hannunmu. Kada ka sayi waya ba rasit, ba takardar garanti mai ɗauke da lambar wayar. Kamaru tana da dokar kare mai saye tun watan Mayu na 2011, amma doka ba ta tsaya wa wanda ba shi da takarda a hannu. 'Yan'uwanmu masu shagunan waya su ma su riƙe wannan, su daina haɗa sabuwa da gyararriya a kwali ɗaya, domin sayen nagari mai da kuɗi gida, sayar da nagari kuma mai da mai saye shago.

Na biyu yana kan hukuma. Muna da ART mai kula da sadarwa, muna da ANTIC mai kula da tsaron intanet, kuma a watan Disamba na 2024 an sa hannu kan dokar kare bayanan mutane. A riƙa binciken abin da ke cikin wayoyi kafin su shiga kasuwa, a bayyana sakamakon a rediyo da harsunan da jama'a ke ji, har da Hausa da Fulatanci. Hukumar da ta iya ƙirga waya don haraji, ta iya duba cikinta don lafiyar mai saye.

Na uku yana kan kamfanin kansa. Duk manhajar da mai waya bai nema ba, a ba shi damar goge ta. Bayanin abin da waya ke ɗauka daga gare shi, a rubuta shi gajere da harshen da ya zaɓa. Sannan abin da aka yi wa Habasha tun 2011, me ya hana a yi wa Kamaru, ƙasar da ke da tashar jiragen ruwa a Douala da Kribi, wadda kayan Chadi da Afirka ta Tsakiya ke bi ta cikinta? Samarinmu da ke zaune a Avenue Kennedy suna farke waya da ɗan ƙaramin sukundireba, ba wanda ya koya musu a aji, su suka koya wa kansu. A ba su horo mai takardar shaida, a buɗe wurin harhaɗawa, riba ta riƙa kwana a ƙasar da aka same ta.

Ban ce a ƙaurace wa Tecno ba. Ya kawo wa talaka abin da manya suka hana shi, kuma yaba kyauta tukuici. Abin da nake cewa shi ne ya ci kasuwar nan ne saboda ya saurare mu lokacin da yake ƙarami, to ya ci gaba da saurare yanzu da ya girma. In ya toshe kunne, hanyar da Nokia ta bi ba ta rufe ba, kuma Jumia ma ya san ƙofar fita. Mu kuma masu saye, mu daina raina kanmu: duk sefa ɗin da ka miƙa a kanti ƙuri'a ce, ka san wa kake ba. Allah ya sa mu dace.