Wace Takarda Masunci Zai Nuna A Tsibirin Darak?

Daga Wakilinmu na Maiduguri

Jama'a, duk wanda ya taɓa shirin tafiya ƙasar waje ya san abubuwa uku da za a tambaye shi a bakin iyaka. Na farko fasfo, watau takardar da ke nuna ko shi ɗan wace ƙasa ne. Na biyu biza, watau izinin ƙasar da zai shiga, in ƙasar tana bukatar haka. Na uku katin allurar shawara, wanda aka fi sani da katin rawaya. Bayan ya wuce ma'aikatan shige da fice, sai kuma na kwastan su buɗe kayansa su ga abin da ya ɗauko. Wannan doka ce ta duniya, ba wanda ke jayayya da ita.

Ƙasashen da ke tsakiyar teku su suka fi kowa tsanani a kan wannan al'amari, domin ƙasarsu kaɗan ce, ƙofarsu kuma filin jirgin sama ne da tashar jirgin ruwa kawai. Ga misali Seshels, da ke cikin Tekun Indiya. Ba ta neman biza, amma dole baƙo ya nemi izini ta intanet tun kafin ya hau jirgi, ya nuna tikitin komawa da wurin da zai sauka. A 2023 ma sai da ta taƙaita shigar masu fasfon Nijeriya da ke zuwa yawon buɗe ido. Ga kuma Kef Bad, tsibirai 10 da ke can yamma da Senegal cikin teku. Ita 'yar ƙungiyar ECOWAS ce, saboda haka bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ɗan Nijeriya na iya shiga ba biza ya yi kwana 90.

Ko dokar ta yi tsanani ko ta yi sauƙi, waɗannan ƙasashe suna da kirki guda: sun rubuta abin da suke so, matafiyi ya san shi tun yana ɗakinsa. To, mu nan Borno muna da namu tsibiran na ƙasashen waje, ba kuwa a bayan duniya suke ba, a cikin Tafkin Chadi suke. Daga Maiduguri zuwa Baga kusan kilomita 200 ne, daga nan sai kwale-kwale. Amma mutumin da zai je cikinsu bai san takardar da za a tambaye shi ba, bai san nawa zai biya ba, bai ma san wanda zai tare shi ba. Wannan ita ce maganata ta yau.

Bari mu ɗauki Darak. A shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, ruwa ya janye, har ya koma bai fi kashi ɗaya cikin goma na yadda yake da ba. Masunci kuwa ruwa yake bi, ba taswira ba. Hausawa daga Kebbi da Haɗeja, da Barebari, da Jukunawa, da Shuwa, suka yi ta bin gaɓa tana gudu suna binta, duk inda ƙasa ta ɓullo su kafa bukka, su tarar da Buduma waɗanda tun kaka da kakanni a cikin ruwan suke. Haka Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita suka cika da mutane. Nijeriya ta riƙa mulkinsu ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Ngala, ana karɓar haraji, akwai 'yan sanda, akwai makaranta, kuɗin ciniki kuma naira ce.

A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg a kan Bakassi, ta haɗa har da yankin tafki. Ran 10 ga Oktoba 2002 kotu ta yanke hukunci. Ta ce iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1919, suka kuma tabbatar a 1931, ita ce iyaka, zaman da mutanen Nijeriya suka yi bai canja ta ba. A Disamba 2003 Nijeriya ta sauke tutarta daga ƙauyuka fiye da 30. Jaridun Kudu sun cika shafi da labarin Bakassi, da ƙyar aka ambaci Darak. Alhali kuwa abin da ya sami mutanen Bakassi shi ya sami waɗannan: mutum ya kwana ɗan ƙasa, ya wayi gari baƙo a cikin ɗakin da ya gina da hannunsa. Uba yana Darak, ɗa yana Gamboru, kaka tana unguwar Gwange a Maiduguri. Zuwa suna ko ta'aziyya ya zama tafiya ƙasar waje.

Yanzu me doka ta ce? Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, tasu ƙungiyar ta Afirka ta Tsakiya ce. Amma akwai yarjejeniya tsakaninsu da Nijeriya wadda ta ɗauke wa ɗan Nijeriya biza in ziyarar ba ta wuce wata uku ba. Madalla. Sai dai ɗauke biza ba ɗauke fasfo ba ne, a nan gizo ke saƙa. A Satumba 2024 kuɗin ƙaramin fasfo mai shafi 32 ya koma naira 50,000, a Satumba 2025 aka ninka shi zuwa naira 100,000. Kafin a ba ka sai kana da lambar shaidar ɗan ƙasa, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar ƙaramar hukuma, a cika fom ta intanet, kana mutum ya zo da kansa ofis a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ofishin kuwa yana Maiduguri. Don Allah mai karatu, mutumin da aka haifa a kan tsibiri, ungozoma ta yanke masa cibiya, bai taɓa shiga aji ba, ina zai samo wannan tarin takardu? Banda kwali nawa zai sayar kafin ya haɗa kuɗin fasfon kansa, balle na matarsa da 'ya'yansa?

Abin da ke faruwa kowa ya sani. Tun da an ɗora wa mutum dokar da ba zai iya cikawa ba, sai ya sayi hanya. Kowane mai kaki ya ga kwale-kwale ya san cikinsa ba mai cikakkiyar takarda, saboda haka ba ya ma wahalar da kansa da tambaya, hannu kawai yake miƙawa. Jandarma ya karɓa da sefa, namu su karɓa da naira, ba rasit ba littafi. Masu fataucin kifi a Tashar Baga ta nan Maiduguri za su lissafa maka shingaye ɗaya bayan ɗaya kamar suna karanta sunayen 'ya'yansu. Wannan kuɗi ba daga aljihun falke yake fita ba. Yana hawa kan kwalin banda, ya bi mota har Onisha da Inugu da Ikko, matar da ke sayen kifin miya a Agege ko Sabon Ibadan ita ke biyansa ba ta sani ba.

Batun kwastan ma haka yake. Kifin da aka kama a ruwan Chadi, aka ƙyafe shi a tsibirin Kamaru, aka sauke shi a Doron Baga, na wace ƙasa ne? Kifi dai ba ya ɗauke da fasfo. Masuncin da ya ɗauki gishiri da koma da man injin kwale-kwale zuwa tsibiri, guzuri ya ɗauka ko fasa-ƙwauri ya yi? In ba a rubuta iyakar abin da aka yarda mutum ya ɗauka ba, amsar tana bakin ma'aikacin da ya tare shi, amsar kuwa tana canjawa gwargwadon nauyin aljihu. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 domin hana shigo da shinkafa, ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda mutanen da kasuwarsu ke wannan gaɓa, gidansu ke waccan, za su yi.

Kada wani ya ce wannan matsalar talakawan ruwa ce kaɗai. Mutanen Borno ba su manta da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman ba. Shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. A Janairu 1980 ma'aikatan shige da fice suka ɗauke shi daga Maiduguri suka kai shi Chadi, wai mahaifinsa ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da Babbar Kotun Maiduguri ta tabbatar cewa shi ɗan ƙasa ne. In an yi wa mai kujera a majalisa haka, da lauyoyinsa da jam'iyyarsa da jaridu a bayansa, ina ga masuncin da shaidarsa kawai bulamansu ya san ubansa? Mutumin bakin iyaka kullum cikin zargi yake: can a ce masa ɗan Nijeriya, nan a ce masa ɗan Chadi.

Na san abin da hukuma za ta ce, kuma maganarta tana da nauyi. Za ta ce tafkin nan ba wurin wasa ba ne. Tun 1983 an yi jini a kan tsibiransa tsakanin sojan Chadi da na Nijeriya, lokacin da Janar Muhammadu Buhari ke riƙe da runduna ta uku. A Janairu 2015 'yan Boko Haram suka auka wa Baga suka yi kisan da har yau ba a daina jimaminsa ba. A Afrilun shekarar suka kai hari tsibirin Karamga, Nijar ta kwashe dubban mutane daga tsibiranta. A Yuni 2019 suka buga Darak kanta. A Maris 2020 suka kashe sojan Chadi kusan 100 a Bohoma. Saboda haka, in ji hukuma, sassauta shiga tafki buɗe wa maƙiyi ƙofa ne.

Amsata ita ce ƙofar a buɗe take tun tuni, littafin rubuta masu wucewa ne babu. Wanda ya ba da cin hanci ya wuce, an san sunansa? An san inda za shi? Ɗan ta'adda ya fi masunci kuɗin sayen hanya. Abin da ya fi ciwo, rahotanni sun daɗe suna nuna cewa a tsibiran da 'yan bindigar nan ke riƙe da su sun yanka wa masunta haraji sananne, har da rasit suke bayarwa. Ashe ke nan maƙiyi ya gane abin da gwamnatoci huɗu ba su gane ba, cewa talaka ya fi son kuɗin da aka faɗa masa tun farko a kan wanda za a ƙwace masa a hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan abin kunya ne gare mu, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata a gyara.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar ƙungiya. Tun ran 22 ga Mayu 1964 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi, hedkwatarta tana Njamena. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, wannan hukuma ta ƙara muhimmanci, domin inuwa ce da ta haɗa ƙasashen huɗu duka. Ga abin da nake ganin ya dace ta yi.

Na ɗaya, a fito da katin tafki guda, mai hoto da zanen yatsa, wanda ƙasashen huɗu za su yarda da shi a cikin ruwa da garuruwan gaɓa kaɗai. Bulama da lawani su shaidi mutum, shugaban masunta ya sa hannu, kuɗinsa kada ya fi ƙarfin mai kwale-kwale ɗaya. Ba baƙon abu ba ne: tun 2014 mutanen Kenya da Uganda da Ruwanda ke shiga ƙasashen juna da katin shaida kawai. Wanda zai wuce Marwa ko Njamena ya nemi fasfonsa kamar kowa.

Na biyu, ofis ya je wurin mutane. Tun 2020 Gwamnatin Jihar Borno ta fara mayar da mutanen Baga gida. To, a zaunar da ma'aikacin shige da fice da na kwastan da malamin asibiti mai allurar shawara ƙarƙashin rumfa guda a Baga, a yi wata a Gamboru, mutum ya gama komai rana ɗaya.

Na uku, a kafa allo a kowace tashar kwale-kwale, a rubuta da Hausa da Barbarci da Faransanci da ajami: ga takardar da ake bukata, ga kuɗin kwalin kifi, ga yawan mai da gishirin da aka yarda a ɗauka. Duk kuɗin da ba ya kan allo haramun ne, duk wanda aka biya a ba da rasit. Ma'aikaci mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba, domin shi ma zai huta da zargi.

Kafin Allah ya kawo wannan rana, shawarata ga 'yan'uwa masu karanta wannan shafi a Kudu, waɗanda ke da iyaye ko haja a tafki, ita ce kowa ya yi ƙoƙari ya yanki katin shaidar ɗan ƙasa, ya yi allurar shawara ya adana katinsa, ya yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa tun suna goye. Kada kowa ya shiga ruwa sai ya ji daga bakin hukumar tsaro da shugabannin masunta cewa hanya ta buɗe. Rigakafi ya fi magani.

'Yan majalisarmu na Borno ta Arewa da ta Tsakiya, ku ne bakin waɗannan bayin Allah. Ku ɗauki maganar nan ku kai Abuja, Abuja ta kai Njamena. Ƙasar da ta ɗauki lauyoyi ta yi shekara takwas tana shari'a a Heg a kan waɗannan ƙauyuka, bai kamata ta kasa yi wa mutanen cikinsu kati ɗaya ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.