Ƙauye Ya Gina Aji, Ina Malamin? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Hukumomin SUBEB na Jihohin Arewa



Na rubuto muku ne a kan wasu mutane da sunansu ba ya cikin takardar albashinku, amma suna ɗauke da wani kaso na aikinku: manoman da ke buga bulo da rani don a gina aji, matan da ke jido ruwan kwaɓi, da samari da 'yan matan da ke koyarwa a makarantun ƙauye a matsayin malaman sa-kai. Na san kuna yaba musu. Da wuya a tashi taron buɗe makaranta wani babba bai ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba. Roƙona shi ne wannan yabon ya koma alkawari a rubuce, wanda ƙauye zai iya riƙe ku da shi.

Kun san yadda abin ke farawa. Mai unguwa ya sa a yi shela bayan sallar Juma'a. Wani dattijo ya ba da gefen gonarsa. Da kaka kowane gida ya kawo tiya biyu ko uku na gero, mai hali ya kawo dami, a sayar a sayi kwano da katako da ƙusa. Masu amalanke su jido yashi daga rafi, magini ɗan gari ya yafe ladansa, abincin rana kawai za a kai masa. Kafin ruwa ya sauka aji biyu sun tsaya. Daga nan sai shugaban kwamitin aikin ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau babur zuwa ƙaramar hukuma neman malami, a ce masa babu gurbi, ya dawo wata mai zuwa. In an gaji da zirga-zirga, sai a nemi wani yaron gari da ya gama NCE yana zaune, a ce ya taimaka, iyaye su riƙa haɗa masa ɗan kuɗin sabulu. Ya yi shekara biyu ko uku yana riƙe da yara sama da ɗari. Ran da jiha ta ɗauki sababbin malamai, sunansa ba ya ciki, domin ba shi da kowa a sama. Sai ya ɗauki jaka ya tafi cirani. Ajin kuwa, wani ya zuba harawa a ciki.

Asarar ginin ba ta kai asarar da ke biyo baya ba. Duk ranar da aka sake yin shelar gayya a wannan gari, mutane za su ce wancan da muka yi me ya haifar? Shi ke nan kun rasa abin da kuɗin kwangila ba ya saya.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 a kan gwamnati ta ɗora nauyin ilimin firamare da ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole. Ta ware wa hukumar UBEC ta tarayya kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Kun fi ni sanin sau nawa kuɗin nan ke kwana a Abuja saboda jiha ba ta kawo nata ba. Wanda ya bar kuɗinsa a kwance bai kamata ya tsaya gaban talaka yana yi masa wa'azin taimakon kai da kai ba.

Kenya ta bi wannan hanyar kafin mu. Tun daga 1963 Jomo Kenyatta ya mayar da Harambee, wato aikin gayya, taken ƙasa, ƙauyuka suka yi ta tara kuɗi suna gina makarantun sakandare da kansu, har suka fi waɗanda gwamnati ta gina yawa. Amma da yawansu babu ƙwararrun malamai, babu ɗakin gwaje-gwaje, iyaye ne ke biyan komai, sai ya zama ɗan talaka ya fi biyan kuɗi kuma ya fi faɗuwa jarrabawa. A ƙarshe dole gwamnati ta shigar da su cikin tsarinta. 'Yan siyasa kuma suka mayar da tarukan tara kuɗin dandalin sayen ƙuri'a, har sai da aka yi doka a 2003 da ta taka wa ma'aikatan gwamnati birki a kan harkar.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce a yi maganar malami kafin a buga bulo na farko. Garin da ya shirya yin gayya ya zo wurinku, ku je ku duba wurin, ku ƙirga yaran, sannan ku sa hannu cewa in sun gama aji kaza za ku turo malami kaza a zango kaza. In kun san ba za ku iya ba a bana, ku faɗa musu gaskiya, su adana geronsu.

Sai maganar malaman sa-kai, wadda ita ta fi damuna. A yanzu yawancinsu babu inda aka rubuta su. Ba sa cikin ma'aikata, ba sa cikin ƙididdiga, amma ranar da mai duba makarantu zai zo su ake tsayarwa gaban allo. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe musu rajista: suna, makaranta, ranar farawa, da sa hannun hedimasta da mai unguwa kowane zango. Idan lokacin ɗaukar malamai ya zo, mai takardar NCE da ya yi shekara biyu a rajistar nan ya shiga gaban wanda ya zo da wasiƙar ɗan majalisa. Wanda ba shi da takardar kuwa, ku biya masa karatun NCE na cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna, wanda ake yi ba tare da barin aji ba. Ko ta fuskar lissafi riba ce gare ku. Malamin da aka turo daga birni, wata uku ya fara neman canjin wuri. Ɗan gari gidansu na nan, gonarsa na nan, kuma uban yaron da bai iya karatu ba zai tare shi a masallaci.

Ba baƙon abu nake kawowa ba. Nana Asma'u ba ta bar jajojinta na 'Yan Taru, wato matan da ke koyar da mata, haka kara zube ba. Ta koyar da su, ta naɗa su da malfa, ta tura su ƙauyuka kowa ya san daga ina suke da kuma abin da aka ba su su koyar. Ba albashi suke karɓa ba, amma an san da su. Ku kwatanta wannan da shirin N-Power na 2016: an tura dubban matasa aji da alawus na naira 30,000, da wa'adinsu ya ƙare aka sallame su, makarantun suka koma yadda suke.

Kwamitocin kula da makarantu na SBMC kuma, a wurare da dama hedimasta ne ke zama ya rubuta sunayen, dagaci ya ƙara na ƙanensa. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata dabara tun 2004 a yankin Tawa, da tallafin hukumar JICA ta Japan: a tara gari, a zaɓi 'yan kwamitin makaranta na COGES ta ƙuri'ar sirri, a tsara aikin shekara a bainar jama'a, a dawo a karanta abin da aka tara da abin da aka kashe. Daga baya aka yaɗa tsarin a ƙasar baki ɗaya. Akwati da 'yan takardu kawai yake ci. Ku tabbatar iyaye mata na ciki da gaske, domin su suka san yarinyar da aka cire daga aji aka ɗora wa talla.

Game da ginin kansa, kada a ce tunda na gayya ne ko yaya ya tsaya ya yi. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maraɗi, aka rasa sama da 20. Allah ya jiƙansu. Amma maganin ba lallai sai siminti da ɗan kwangila ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina firamare a 2001 da tubalin ƙasa da hannun mutanen garinsu, ya ɗaga rufin kwano sama da silin yadda iska ke ratsawa, ajin ba ya zama tanda da rana. Irin wannan aikin ne ya kai shi ga lambar yabo ta Pritzker ta zanen gine-gine a 2022. Kuna da injiniyoyi a ofisoshinku. Su zana tsari ɗaya mai sauƙi, da bayani cikin Hausa, da boko da ajami, wanda maginin ƙauye zai iya bi, su kuma leƙa aikin lokacin tushe da lokacin rufi.

Ƙungiyoyin agaji na waje da 'yan bautar ƙasa masu aikin raya al'umma su ma su bi ta wannan ƙofar. Kafin kowa ya haƙa rijiyar burtsatse a makaranta ko ya gina ban-ɗaki, a rubuta wanda zai gyara in ya lalace.

Abu na ƙarshe ƙarami ne, amma yana yi wa mutane ciwo. Idan gwamnati ta zo daga baya ta yi wa ajin gayya fenti ko ta sauya kwano, kada a kafa allo a ce ita ta gina. A rubuta sunan garin da shekarar da suka yi aikin, sannan a ƙara abin da hukuma ta yi a ƙasa.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare