Motar asibiti kaɗai ba ta isa ba, a duba wanda zai ja ragamar aikin



Duk wanda ya taɓa saka mai naƙuda a Keke Napep da tsakar dare daga Damare zuwa Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta ya san dalilin da ya sa muke ta roƙon motar ɗaukar marasa lafiya. Roƙon yana kan hanya. Amma akwai abin da ba mu cika tambaya ba: wane ne zai shugabanci aikin, kuma ta yaya za a naɗa shi?

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin wannan aiki. A 2022 aka ƙaddamar da shirin NEMSAS a Abuja, kuma ana son kowace jiha ta kafa nata reshen. Ke nan akwai kuɗi, akwai kujera. Mun kuwa san yadda ake rabon kujeru a ƙasar nan.

A ganina, wannan kujera ta likita ce, kuma ba kowane likita ba. A nemi mai lasisin aiki da bai ƙare ba, wanda ya yi shekaru a sashen gaggawa, ba wanda ya rabu da majinyata tun tuni ya koma ofis ba. Dalili kuwa, ma'aikacin da ke cikin mota ba likita ba ne. Shugaban ne zai rubuta masa ƙa'ida: wace allura zai iya yi, yaya zai tsayar da jini, yaya zai ɗaga wanda ya karye a wuya a haɗarin hanyar Numan ba tare da ya nakasa shi ba, wane majinyaci za a wuce da shi kai tsaye Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Idan wani ya rasu a hanya, shi zai zauna ya bincika inda aka yi kuskure. Wanda bai taɓa kwana a kan irin waɗannan majinyata ba, me zai bincika?

A Faransa likita ne ke yanke shawara a kan kiran gaggawa na lamba 15. A Amurka tun 2010 aka mayar da wannan fanni ƙwarewa ta musamman ga likitoci.

Za a ce likitocinmu sun yi ƙaranci, wasu ma sun tafi Saudiyya da Ingila. Gaskiya ne. To a ɗauko daga cikin waɗanda suka rage, waɗanda suka karɓi mutanen da harin masallacin Jambutu na Oktoban 2015 ya rutsa da su. A tallata gurbin a fili, a bayyana sharuɗɗa, manyan likitoci su yi tantancewa, a sa wa'adi, kuma a riƙa faɗa wa jama'a minti nawa mota ke ɗauka kafin ta iso.

Ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara su rubuta wa Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ɗan majalisarmu na Girei a kan wannan.