Ku Kama Bakinku, Akwai Rayuka a Kan Hanya!

'Yan'uwana maza da mata, ku tsaya ku saurara! In ana yaƙi, labarin tafiya makami ne. Ranar tashi, hanyar bi, abin da aka ɗauka: wanda ya ba maƙiyi waɗannan uku ya gama masa aiki.

A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa sun yi ta kwanton ɓauna a gaɓar Afirka ta Yamma. A daren 30 ga Afrilu 1943 zuwa asuba, guda ɗaya daga cikinsu ya nutsar da jiragen kaya bakwai cikin ayarin da ya taso daga Takoradi zuwa Firitawun. Bakwai, a dare ɗaya! Ga irin haɗarin da ya sa hukuma ta hana jaridu faɗin ranar tashin jirgi, ta kuma riƙa tace wasiƙun soja. A cikin wannan sirri aka ɗebi kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 zuwa Indiya a 1943 da 1944, domin yaƙin ƙasar Bama. Uwa ba ta san ranar da ɗanta zai hau teku ba. Ta daure, dauriyarta ta zama garkuwarsa.

Yau fa? Yau kowa da jarida a aljihunsa. Jiragen ruwan soja sun bar Baga sun nufi tsibiran Tafkin Chadi, wani ya ɗauki bidiyo. Ayarin motoci ya ratsa kasuwa, wani ya tura a WhatsApp. Kafin la'asar labari ya isa daji. Baki shi ke yanka wuya!

To, ku kama bakinku! Masunci, ka ga jirgi ya wuce, ci gaba da jefa komarka. Direba, kada ka faɗi abin da ka ɗauko a tasha. Ɗan dako, kada ka ƙirga akwatuna a majalisa. Matar soja, kada ki sa ranar tafiyarsa a Facebook, ki sa shi a addu'a. Matashi, mayar da wayar aljihu!

An turo maka hoto? Goge shi! An tambaye ki ina suka nufa? Ki ce ba ki da ta cewa! Baƙo ya matsa da tambaya? Ku sanar da jami'an tsaro da mai unguwa nan take!

Ku faɗa wa 'ya'yanku. Ku faɗa a masallaci, a coci, a teburin mai shayi. Waɗannan da ke kan hanya 'ya'yanmu ne, domin mu suka fita. Mu rufa musu asiri tun daga yau, Allah Ya dawo mana da su lafiya!