Talho a Mayahi: ciniki ba ya ƙarewa a kasuwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Mayahi ranar cinta, musamman bayan kaka, zai tarar da wani layi wanda babu shi a can shekaru 25 da suka wuce. Tebura ne jere ƙarƙashin laima, kowane da ƙaramin akwatin gilashi cike da talhuna, ga caja da wayoyin kunne rataye kamar igiyar kaba, ga rigunan talho launi-launi, ga lasifika tana ta kiɗa don jawo hankalin masu wucewa. Nan ne magidancin da ya sayar da wake ko riɗi yake tsayawa, nan ne macen da ta kawo tabarmi daga ƙauyukan Gulbin Kaba take kwance bakin zane. A yi tayi, a yi albarka, a sake tayi, daga bisani a sallama. Mai saye ya juya yana jin cewa ya gama biya, alhali kuwa biyan farko ke nan ya yi, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin waɗanda ke jiran sa.

Babu mai zargin talaka da almubazzaranci don ya sayi talho. Dattawa ba su manta ba da lokacin da saƙo zuwa ga ɗan ci-rani yake bin hannun direba a tasha, ko a ɗauki murya a kaset a aika, a zauna jiran amsa wata guda ko biyu. Tun da kamfanin Celtel ya buɗe layinsa a Nijar a shekarar 2001, al'amura suka sake. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa yakan tambayi kuɗin tiya kafin ya ɗaura kaya a mota. A gundumar Mayahi, wadda ƙidayar 2012 ta samu mutane sama da rabin miliyan a cikinta, da wuya a sami gidan da ba shi da wani a Kano, ko Agadas, ko Libiya, ko Aljeriya. Saƙon kuɗin iri ta talho yake zuwa, haka labarin haihuwa da na rasuwa. Wanda bai yi lakwal ba ma ya sami hanya, tun da WhatsApp yana ɗaukar murya.

Kayan da ke bisa teburin sun yi doguwar tafiya. Mafi yawan talhunan, irin su Tecno da Itel da Infinix, na kamfani ɗaya ne, wato Transsion, mai mazauni a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda ya gane tun da wuri cewa mutumin Afirka yana son batir mai daɗewa da wurin sa layi biyu. Daga can kaya su sauka hannun manyan dillalai, su ratso kasuwanni irin su Farm Center ta Kano da babbar kasuwar Maraɗi, kafin su iso Tasawa da Mayahi, daga nan kuma ƴan tebur su yi ta yawo da su kasuwannin ƙauye, yau Kanambakashe, gobe Sarkin Hausa ko Isawan. Kowane hannu yana cin ribarsa, wannan halal ne. Abin da ke ɓacewa a hanya shi ne alhaki: lokacin da kaya suka iso hannu na biyar, babu sauran wanda zai ce shi ya tsaya musu.

Talhon kansa sau da yawa yakan yi abin da aka saye shi dominsa. Ɓarnar ta fi yawa a ƙananan kayan da ake haɗawa da shi, waɗanda mai tebur yake cewa ya ba da su a kan rangwame, ko ma gyara. A ɗauki caja. Ta ƙwarai tana da kayan da ke daidaita ƙarfin wuta, su sauko da shi daga bolt 220 na soket zuwa bolt 5 da talho ke buƙata, su kuma tsare shi idan kuran ya yi tsalle. Ta jabu an rage mata waɗannan kayan don ta yi araha, shi ya sa ba ta da nauyi a hannu, take zafi, take sa gilashin talho yana danna kansa lokacin caji. Rannan sai batir ya kumbura ya ɗaga murfi. Wanda ya ƙi cajar jikka biyu ya ɗauki ta dala ɗari, ƙarshenta ya koma wurin mai gyara da talhon jikka talatin a hannu. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma wanda ya zo kasuwa da kuɗin tiya goma na wake ba ado ya zo nema ba, kuma ba shi da hanyar da zai bambanta cajar kirki da ta banza, tun da kwalinsu ɗaya, tambarinsu ɗaya.

Katin memori ya fi wannan ha'inci. Ana iya ɗaukar ƙaramin kati a sake masa rubutun ciki, ta yadda talho zai nuna jiga 32 alhali ainihinsa bai wuce 4 ba. Ranar saye lafiya lau yake aiki, mai tebur ma zai zuba masa karatu ko waƙoƙi a gwada. Sai ya cika iyakarsa ta gaskiya, sannan sabon abu ya riƙa hawa bisa tsoho yana shafe shi, hotunan biki da muryar ɗa da ke Libiya su tafi ba dawowa. Haka rumbun caji na aljihu, wanda samari ke kira fawabank. Ko na ƙwarai ne, idan an rubuta masa 10,000, abin da zai isa cikin talho bai cika wuce kashi biyu cikin uku na wannan ba, domin batirin cikinsa bolt 3.7 yake bayarwa, sai an ɗaga shi zuwa 5, kuma wani kaso yana tafiya a zafi. To, ina ga wanda aka buga wa 50,000 a jiki alhali bai fi tafin hannu ba? Masu gyara da suka fasa irinsu sun san abin da ake cusawa ciki don a ƙara nauyi.

Biya na biyu shi ne na wuta. Alƙaluman Bankin Duniya na shekarar 2021 sun nuna cewa bai kai mutum ɗaya cikin biyar ba a Nijar wanda yake da lantarki, kuma mafi yawan waɗannan a birane suke. Saboda haka kowane ƙauye ya sami mai caji, da allon sola ko injin gurup, da faffaɗan katako mai soket ashirin ko talatin, kowane talho an liƙa masa lamba. Sana'a ce mai amfani, ta kuma hana samari da dama tafiya ci-rani. Amma a yi lissafi. Idan ana biyan dala 10 kowane caji, sau uku a mako, a shekara an tasam ma jikka 8, abin da bai yi nisa da kuɗin ƙaramin talho mai maɓallai ba. Mai babban talho kuwa kullum sai ya kai. Ga zafin watan Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40, kuma babu abin da ke tsufar da batirin lithium kamar a caja shi cikin zafi, ƙarƙashin rufin kwano, da wutar injin da ke hawa da sauka.

Na uku shi ne wanda ya fi cin rai, domin shi ana biya ne ba a san abin da aka saya ba. Kamfanoni huɗu ke raba layukan salula a ƙasar, kuma kusan kowane ya sake suna ko ubangida. Celtel ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov, wanda Maroc Telecom ya karɓa a 2015. Orange, da ya fara aiki a 2008, an sayar da shi a 2019 ga ƴan kasuwa, ya koma Zamani Telecom. Sonitel da SahelCom kuma gwamnati ta haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom. An sake fentin shaguna sau da dama, ja ya maye gurbin wani launi, amma mutumin ƙauye bai daina sanin tudun da ake hawa ba, ko bishiyar gawon da ake tsayawa gindinta, don a sami sanda ɗaya ta rezo. Talho mai layi biyu da ake yabo a kasuwa, shaida ne na cewa babu layin da aka amince da shi shi kaɗai. Wasu ma uku suke riƙewa, kowane kuma yana cin nasa kati.

Adalci ne a faɗi cewa aikin ba mai sauƙi ba ne. Dogon ƙarfen rezo yana buƙatar wuta dare da rana, kuma inda layin Nigelec bai kai ba, da gazuwal ko sola da batura yake rayuwa. Idan mai ya makara ko batura suka gaji, garuruwa goma su yi shiru a lokaci guda. An ga iyakar wannan a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wutar da jahohin Maraɗi da Damagaram ke samu ta layin da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. Wannan uzuri ne na wani lokaci, kuma bai shafi ɗayan kukan ba, wato na kuɗin da ke ɓacewa.

Mutum ya sa katin dala 40 da dare, bai kira kowa ba, da safe ya duba ya ga saura dala 15. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Sau da yawa amsar tana cikin wani saƙo da ya shigo da Faransanci, wanda mai talhon bai iya karantawa ba, ya danna maɓalli don ya kawar da shi, ashe rajista ya yi ta waƙar jiran kira ko labarin ƙwallo, ana cire masa kuɗi kowace rana. Ko kuma ya sayi intanet na kwana ɗaya, rezo ya ɗauke tun hantsi, ya dawo bayan wa'adi ya cika. Mai tumatir ma in ya sayar da ruɓaɓɓe ana maido masa, amma megar da aka biya ba a samu ba, ba a san wurin da ake kai ƙararta ba. Akwai lambar kiran ma'aikatan kamfani, gaskiya ne, sai dai kiran yana buƙatar rezon da ake kuka a kansa.

Hukuma ba ta yi shiru ba. A 2017 hukumar da ke sa ido a kan harkar, wadda a lokacin ake kira ARTP, ta ci kamfanonin huɗu tarar kuɗi sama da miliyar 3 da rabi na sefa saboda rashin ingancin aiki. A watan Yulin 2023, magajiyarta ARCEP ta sake cin su tarar kimanin miliyar 4 da miliyan 300, a kan laifi irin wancan. Abu biyu ya kamata a lura da su. Na ɗaya, duka huɗun aka kama, har da na gwamnati, don haka shawarar da ake ba talaka cewa in bai ji daɗi ba ya sake layi, ba ta da ƙofar fita. Na biyu, tara tana tafiya asusun hukuma ne, wanda aka cuta kuwa ko minti ɗaya na kira bai dawo masa ba. Shekaru shida tsakanin tara da tara, laifi bai sake ba. Ke nan kamfani yana iya lissafa ta cikin kuɗin tafiyar da aiki, kamar gazuwal.

An kuma ga cewa idan ana so, ana iya sauri. A 2013, da aka ce kowa ya yi rajistar layinsa da takardar shaida, an rufe layuka kusan miliyan 1 da dubu 700 da wa'adi ya cika. A watan Janairun 2023, da farashin intanet ya tashi, hayaniyar mutanen birni a rediyo da Facebook ta sa ba a daɗe ba aka janye ƙarin. Ɗan Yamai yana da ƙungiyar kare masu saye, yana da ɗan jarida, ofishin hukumar yana bayan gidansa. Mutumin Cake ko Gidan Amumun yana nesa da wannan ofishi da sama da kilomita 700, kuma kukansa na dala 25 ne, wanda bai kai kuɗin kabu-kabu zuwa Mayahi ba. Sai dai dala 25 sau dubban ɗaruruwan mutane, kowace rana, ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma a kan wannan shirun ake cin riba.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowa ba. Idan rezo ya ɗauke a wani yanki, injunan kamfani sun san sa'ar da ya tafi da sa'ar da ya dawo, sun kuma san layukan da ke ƙarƙashin wannan ƙarfe. Hukuma tana iya tilasta a ƙara wa waɗannan layuka wa'adi daidai da lokacin da suka yi asara. Kada a sa wa kowa rajistar da ke cin kuɗi sai ya ji bayani da murya, da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak, ya kuma amsa sau biyu. Hukumomin gari, da suke karɓar harajin tebur kowace ranar kasuwa, suna da ikon su ce duk mai sayar da talho ya yi rajista a ma'aikatar kwamin, ya kuma ba da rasi mai ɗauke da sunansa da lambarsa.

Kafin a kai can, mai saye yana da ƴan dabaru. Ya danna *#06# ya ga ko lambar da ta fito ta yi daidai da wadda ke jikin kwali. Ya sa a jona cajar a gabansa na ɗan lokaci, ya taɓa ta ya ji zafinta. Katin memori kuwa a cika shi tun a wurin, sannan a buɗe abin da aka fara zubawa a ga ko yana nan. Kuma gara ya sayi kayansa wurin mai shagon da zai tarar kasuwa mai zuwa, ko da ƙarin dala 20 ne, bisa ga baƙon da ya shimfiɗa leda a bakin tasha, wanda motar la'asar za ta tafi da shi.