Maɗaci: kowa na son katakonsa, wa ke shuka shi?

Duk wanda ya taɓa gini ya san zafin gara. Ka sayi farin katako mai araha ka yi rufi, bayan 'yan damuna ka tarar ta cinye shi daga ciki, kwano na lilo in iska ta taso. Araha ba ta ado.

Shi ya sa kafintoci ke cewa a nemi jan katako, musamman maɗaci. Icce ne mai nauyi da tauri, gara ba ta cin sa da sauƙi, in an goge shi kuma sai ƙyalli. Da shi ake ƙofa, gado, kujera da ginshiƙin rufi. A Turai har daɓen ɗaki ake yi da katako irin nasa, inda mu muke zuba siminti. Ɓawonsa mai ɗaci magani ne tun kakanni, ganyensa kuwa abincin bisashe ne da rani.

To amma ina iccen yake? Mafi yawan katakon da muke aiki da shi daga Najeriya yake zuwa. Lokacin da anka rufe iyaka a 2023 kowa ya ji a jikinsa. Can ɗin ma yana ƙarewa: a 2022 yarjejeniyar CITES ta sa maɗacin Afirka cikin itatuwan da ba a fitarwa ƙetare sai da izini. Ragowar da ke garuruwanmu kuma, dubi yadda masu magani sunka ɓare su har sunka fara bushewa a tsaye.

Wani zai ce maɗaci na daɗewa kafin ya isa sara. Gaskiya ne. Amma wanda muke shan inuwarsa yau ai wani ya shuka bai ci moriyarsa ba. Kuma nan jihar Maraɗi ne, tun wajen 1983, manoma sunka fara raya tohon kututture a gonaki, har duniya ta zo koyo wurinmu.

Maɗaci na son wuri mai laima, ga Gulbin Maraɗi daga Jiratawa har Tibiri. Muna kira ga magadan gari, sarakuna da ma'aikatan gandun daji a tanadi dashe kafin damina. Makarantu da masallatai su dasa, su kange saboda awaki. Masu sayar da katako ma su sa hannu, tunda abincinsu ne. Mai ɓare ɓawo ya ɗiba gefe guda, kar ya zagaye iccen.

Kowane mai sabon gida ya dasa ko guda. Allah ya ba mu damina mai albarka.